Fassarar "Majalisar Dattawa": Nazari Daga Zangon Lome

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a auna "Majalisar Dattawa", sunan da masu fassara labarai kan liƙa wa kowace majalisa ta sama a duniya.

A wajen Hausawan Zangon Lome, waɗanda aka tasa daga tsakiyar birni a 1977 aka mayar da su arewacinsa, dattijo shi ne mutumin da ake kai wa rikicin aure ko na bashin fatauci. Shekarunsa da halinsa ne suke ba shi wurin zama a zauren Sarkin Zango. A 2025 Togo ta kafa majalisarta ta sama mai wakilai 61, kansiloli suka zaɓi 41, Faure Gnassingbe ya naɗa 20. In aka ce da Bazange waɗannan "dattawa" ne, ya ji girmansu, amma bai ji yadda suka sami kujera ba.

Duk da haka sunan yana da madogara, domin "sanata" ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin tsoho. Ya kuma zauna a Nijeriya, wadda daga 1960 zuwa 1963 tana ƙarƙashin Sarauniya Elizabeth ta Biyu da majalisar ƙasa mai zaure biyu.

Inda fassarar ke tuntuɓe shi ne majalisar sama ta Ingila. Can Sarki ne yake naɗa akasarin wakilai bisa shawarar Firayim Minista, su zauna muddin ransu. Akwai kujeru 26 na manyan limaman coci, sannan a 1999 aka rage masu gadon kujera zuwa 92. Kiran ta "Majalisar Dattawa" ya ɓoye naɗi da gado. "Majalisar Sarakuna" ma ba ta dace ba, don wannan suna ne na majalisar da ta zauna a Kaduna har juyin mulkin 1966, wadda sarakunanta ke da ƙasa da talakawa. "Majalisar Masu Sarauta" ta fi kusa, tun da ba kowane mai sarauta ne sarki ba.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya zaɓi kalma, ya fara bincika yadda ake shiga majalisar: da ƙuri'a, da naɗi, ko da gado.