Makoki Ba Mai Ta'aziyya: Na Saurari Faifan The Cure

Wata rana bayan la'asar wani maƙwabcina ya same ni a shago, ya ajiye mini wayar ɗansa a kan buhun goro, ya ce, "Liman, don Allah duba mini, yaron nan ko ƙungiyar asiri ya shiga?" Tun rasuwar mahaifiyarsa bara, in ji shi, yaron ba ya magana da kowa, sai ya toshe kunne da wani kiɗan Turawa, kuma hoton mawaƙin abin tsoro: gashi a yamutse, ido ya sha kwalli, baki da jan baki kamar mace. Na ce ba na yanke hukunci a kan abin da ban ji ba. Na kira yaron, muka yi dare uku bayan isha yana kunna mini, yana fassara, don Turancina na ciniki ne kawai.

Ƙungiyar sunanta The Cure, daga garin Crawley na Ingila, tun ƙarshen shekarun 1970 suke. Jagoransu Robert Smith, haifaffen 1959. Irin kiɗansu shi ake kira gothic rock, wato kiɗan jita mai nauyi da duhu, na baƙin ciki da kaɗaici, masoyansa kuma baƙaƙen kaya suke sawa. Faifan da yaron yake ji shi ne Songs of a Lost World, wato waƙoƙin duniyar da ta ɓace. Ya fito a Nuwamba 2024, bayan shekara 16 ba su fitar da sabon faifai ba. Waƙoƙi takwas ne.

Abu na farko, malam, ban ji ambaton Shaiɗan ba, ban ji tsafi ba. Abin da na ji dattijo ne yana makoki. Iyayensa sun rasu, yayansa ya rasu, shi ma ya ga tsufa ya zo.

Waƙar farko, Alone, sai an yi fiye da minti uku ana kiɗa kafin ya buɗe baki. Da fari na ƙosa, na ce wannan ɓata lokaci ne. Daga baya na gane dabarar. Wanda ya taɓa zaman makoki ya san shirun da ake yi kafin wani ya iya cewa uffan. Ganga tana tafiya a hankali kamar masu ɗauke da makara, muryarsa kuma in ta shigo tana rawa, ba ya ƙawata ta.

Wadda ta fi kama ni ita ce I Can Never Say Goodbye, wadda ya yi wa yayansa Richard. Da ƙarar ruwan sama take farawa, sai fiyano yana maimaita 'yan sautuka kaɗan. Ba ya jera kirarin mamaci, ba ya cewa gwarzo ne. Daren da abin ya faru kawai yake bayarwa, da yadda ya kasa yin sallama. A nan yaron ya daina fassara, ya sunkuyar da kai. Ban tambaye shi dalili ba.

Ba duka ne suka yi ba. Drone:Nodrone hayaniya ce, jita tana ƙara kamar injin markaɗe, ta yanke natsuwar da waƙoƙin baya suka gina. Warsong ta ɗauko babbar magana, yadda mutane ba sa gajiya da faɗa da juna, amma ta ƙare ba ta kai ko'ina ba. Ta ƙarshe, Endsong, ta haura minti goma, fiye da rabinta kiɗa ne zalla. Tsoho ne a tsaye da dare yana kallon wata, yana tuna yarintarsa, yana mamakin yadda aka yi ya tsufa, komai ya kuɓuce masa. Gaskiya an yi aiki a cikinta, amma a nan ne ni da shi muka raba hanya.

Mu ma muna da waƙoƙin tuna mutuwa. Waɗanda suka taso da Infiraji na Aliyu Namangi sun san yadda suke sa jiki ya yi sanyi. Bambancin shi ne namu suna tsoratar da kai don ka yi guzuri, akwai inda za a je. Shi wannan bawan Allah ya raka mutum har bakin kabari da gaskiyarsa, bai yi ƙarya ba cewa duniya mai ƙarewa ce, amma da ya iso sai ya tsaya, bai ga komai a gaba ba. Makoki ne ba mai ta'aziyya. Wanda zuciyarsa take da rauni, in ya kwana ya tashi a kan wannan kaɗai, ina jin tsoron ya yanke ƙauna, kuma yanke ƙauna ba halin mumini ba ne.

Hukuncin kiɗa kuwa, malamai sun yi magana mai tsawo a kai, da yawa sun hana, wasu sun sassauta, ni kuma ƙaramin ɗalibi ne, ba fatawa na zo bayarwa ba. Ba na cewa kowa ya je ya nema. Amma tambayar da ta dame ni ita ce: me ya sa yaron Sabo ya je har Ingila neman wanda zai yi kuka da shi? Saboda ranar sadakar uku mun ce masa ya yi haƙuri, namiji ba ya kuka, muka watse. Alhali Annabi Yakubu ya yi kukan Yusufu har idonsa ya yi fari, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Haƙuri ba ya hana hawaye.

Na mayar wa maƙwabcina wayar, na ce kada ya fasa ta, kada ya doki yaron. Ya zaunar da shi su yi hirar marigayiyar, su yi mata addu'a tare, su riƙa yi mata sadaka ranar Juma'a. Abin da faifan ya kasa ba shi ke nan, mu kuma muna da shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan. Amin.