Majami'ar Wusasa da Darasinta ga Birnin Damagaram

A Wusasa, bayan ganuwar Zariya, akwai majami'ar Angilikan ta Saint Bartholomew, wadda aka gina a 1929, lokacin da mishan ɗin CMS ta bar cikin birni ta koma can. Da tubali da azara magina Hausawa suka tayar da ita, suka ɗaura mata bakan gizo irin na soraye da masallatai. Darajarta ke nan: baƙon addini ya zauna a ɗakin gargajiya, ginin ƙasa ya ɗauke shi bai gaza ba. A makarantar unguwar Yakubu Gowon ya yi karatun farko.

Sai dai yabo ba ya hana damina cin bango. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara, magina kuwa raguwa suke yi. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, sai da aka lulluɓe shi da siminti kafin ya tsira.

Tun 2006 unguwar Birni ta Damagaram ta shiga jerin wucin gadi na UNESCO. Rajista ba ta kwaɓa ƙasa. Muddin ƙungiyoyin al'adu da malamai ba su nema wa tsofaffin magina almajirai ba, sunan Birni kaɗai za a gada.