Sarkin Noma a Damargu: Sunan da Ake Biya da Hatsi

A ƙasar Hausa manomi ba ya zama sarkin noma don ya cika rumbu kawai. Sai ya kai dami dubu, ya tara jama'a, makaɗa su yi masa gangar noma, sannan ya raba abin da ya noma a bainar kowa. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya yi nazarin kyauta a yankin Maraɗi, ya bayyana wannan biki na dubu, inda mutum ke sauya hatsi ya koma suna. A Damargu, daga Tanut zuwa Gangara da Tarka ta Belbeji, al'adar tana da nauyi, domin nan ne ayarin Abzinawa ya daɗe yana sayen hatsin da ake kaiwa Abzin da Bilma a musanya da gishiri da dabino.

Amfanin sunan a bayyane yake. Wanda aka yi wa kirari ba ya rasa hannu ranar gayya, ɗan kasuwa na ba shi bashi bisa kalmarsa, ana sauraronsa a fada. Sai dai suna linzami ne. Daga ranar da aka naɗa shi, rumbunsa ya tashi daga nasa shi kaɗai: mai neman iri, maraya, baƙon da dare ya yi wa, matar da tukunyarta ta kwana babu wuta, duk ƙofarsa suke nufa, kuma ba shi da bakin cewa babu. Maroƙin da ya ɗaga shi jiya, shi ne zai yi masa zambo gobe in ya ga hannu ya ƙanƙance.

Masu suka, ciki har da malamai da dama, na cewa wannan almubazzaranci ne da riya, gara a fitar da zakka a ajiye saura. Akwai gaskiya a nan, don rabon maroƙa ba kaɗan ba ne. Amma sun manta cewa zakka tana da iyaka sananniya, kunyar mai suna kuwa ba ta da iyaka, kuma ita ce ke buɗe rumbu a tsakiyar damina, lokacin da tiya ta yi tsada, sabon hatsi bai nuna ba. Raunin al'adar yana wani wuri dabam. Damargu na bakin iyakar noman damina, kuma in ruwa ya ɗauke, gonar sarkin noma da ta talaka tare suke ƙonewa. Haka aka gani a farin 1973 da na 1984, da yunwar 2005. A irin waɗannan shekaru nauyin yana nan, hatsin ne babu, sai mai suna ya sayar da bisashe ko ya ci bashi don kada a ji kansa.

Saboda haka sarautar noma tana maganin yunwar gida ɗaya, ba ta maganin yunwar ƙasa. Wannan aikin bankunan cimaka ne da rumbunan gwamnati na OPVN, kuma rashin adalci ne a ɗora shi a wuyan manomi guda don kawai an taɓa yi masa kiɗa.