Mai Algaita da Kunnen da Zai Fassara Shi

Wanda ya taɓa tsayawa a Ɗan Barto ranar da wani basarake zai ƙetara zuwa Daura, ko ya yi hawan salla a Kance, ya san sautin da nake nufi. Kafin a hango rawani, algaita ta riga ta iso: tsini gare ta, tana ratsa ƙarar ganguna da hayaniyar tasha.

A je kusa da mai busar. Kumatunsa sun kumbura kamar ya cusa goruba biyu, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, leɓɓansa manne da wani ɗan faifai zagayayye. Bayan faifan akwai ɗan karan ciyawa mai baki biyu, wanda yake shigewa cikin bakinsa gaba ɗaya. Daga nan sai bututun ƙarfe, sai jikin itace da aka lulluɓe da fata, mai ramuka huɗu kawai. Sautin kuwa ba ya yankewa, domin yana shaƙar iska ta hanci a daidai lokacin da kumatu ke tura wadda suka tara. Mai ganin abin wasa ne ya sa kara a ƙwaryar ruwa, ya gwada hura kumfa ba tsayawa.

Sunan daga Larabci ya zo, algaiɗa ta Arewacin Afirka. Tana da ƴar'uwa a Turai, obo, wadda aka gyara a Faransa a ƙarni na 17, zamanin Sarki Luwi na 14. Ita ma a fada ta girma. Mabushinta na yau yana shekaru a makarantar kiɗa, yana feƙe karansa da wuƙa, ya ci jarrabawa a bayan labule kafin ya samu kujera, kuma da sautinsa sauran makaɗa ke daidaita kayansu. Yusef Lateef, Ba'amurke mai busa obo wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985, ya riƙe algaita da muhimmanci har ya sa ta a kiɗansa.

Namu mabushin gado ya yi. Yana yaro yake bin mahaifinsa fada, yana riƙe jaka, yana saurare. Albashinsa doki ne, da riga, da damin gero daga ubangida. Ƙololuwar aikinsa a naɗa shi Sarkin Busa. A fadoji irin na Damagaram, wadda Sarki Tanimun ya ɗaukaka kafin rasuwarsa a 1884, da daren Juma'a da ranar naɗi da hawan salla duk lokutan aikinsa ne, tare da masu kakaki da ganga.

Inda nake ganin ya fi takwaransa nauyin kaya shi ne nan: mai obo yana da takarda a gabansa, mai algaita kuwa magana yake busawa. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, algaita tana bin wannan karin ta faɗi taken sarki, ta ambaci kakanninsa, ta sanar da wane hakimi ne ya iso. Dole ya haddace taken kowane gida, ya san wanda ake gabatarwa da wanda ake jinkirtawa. Ya busa taken wani ga wani, ya jawo rigimar da sai dattawa sun sa baki.

Shi ya sa tsoron kada lasifikar biki ta maye gurbin algaita ba shi ya fi tayar mini da hankali ba. Algaita tana nan, ƴan siyasa ma suna gayyatarta. Masu fassara ta ne ke ƙarewa. Na ga tsohuwa a bakin hanyar Matamaye ta ji busa daga nesa, ta ajiye tallanta ta faɗi sunan mai zuwa, ta kawo kirarinsa tiryan-tiryan. Jikokinta na gefe suna ɗauka da waya, suka tambaye ta yadda ta sani.