Labulen karusa da sunan ɗan fari: sha'awa a cikin ƙagaggen labari

A shekarar 2007 hukumomin jihar Kano sun tara littattafan soyayya suka cinna musu wuta a bainar jama'a, bisa hujjar cewa suna ɓata tarbiyyar ƴan mata. Irin littattafan nan ne ƴan kasuwa ke sarowa daga Kano su baza a kasuwannin Maraɗi da Damagaram, kuma malamai da dama sun sha ƙwace su daga ƙarƙashin tebur ana tsakiyar darasi. Yau takarda ta ja baya, labarin ya koma cikin salula, wani sashe nasa kuma ya tuɓe kunya gaba ɗaya: ana sayar da shi babi-babi, ana tallarsa da cewa na matan aure ne kaɗai, alhali kowa ya san masu karantawa. Mai ƙona littafi da mai sayar da batsa ba sa ga maciji da juna, amma akwai ra'ayi guda da ya haɗa su. Dukansu sun ɗauka sha'awa a cikin labari aba ce da ake aunawa da yawan tsiraicin da aka nuna. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskuren karatu ne tun kafin ya zama na tarbiyya. Domin tabbatar da haka zan kawo littattafai biyu, ɗaya tsoho daga Faransa, ɗaya sabo daga maƙwabtanmu.

Masu karatun faransanci sun san Madame Bovary na Gustave Flaubert. A farkon kashi na uku, Emma, matar aure, ta je babbar majami'ar Rouen da wasiƙa a hannu, wadda ta rubuta don ta sallami saurayin nan Léon. Maimakon sallama sai suka shiga karusar haya, aka saki labule. Daga nan marubucin bai sake leƙa ciki ba. Abin da ya ba mu shi ne sunayen tituna da unguwanni ɗaya bayan ɗaya, da dawakai masu zufa, da mai tuƙi wanda ƙishirwa da gajiya suka kusa sa shi kuka, duk sa'ad da ya so tsayawa sai wata murya daga ciki ta daka masa tsawa ya ci gaba. Can da rana tsaka hannu ya fito ta ƙarƙashin labule ya watsar da yagaggiyar takarda, iska ta kwashe. Wajen ƙarfe 6 na yamma mace ta sauka, fuska a lulluɓe, ta wuce ba ta waiwayo ba. Iyakar abin ke nan.

Amma da mujallar Revue de Paris ke buga labarin kashi-kashi a 1856, wannan wurin ne masu ita suka ji tsoro suka cire. Cirewar ba ta hana a gurfanar da Flaubert gaban shari'a ba bisa zargin cin zarafin ɗabi'a da addini, sai a ranar 7 ga Fabrairu 1857 kotu ta wanke shi. A ganina waɗancan matsoratan sun fi masu ƙirga tsiraici iya karatu. Sun gane cewa labulen da aka saki ya mayar da mai karatu abokin aiki: shi ne zai cika abin da aka bari, da kayan da ke cikin kansa. Wasiƙar da aka yaga ta faɗi duk abin da ya faru da niyyar Emma, ba tare da an taɓa ko maɓallin rigarta ba. Akwai kuma ba'a mai ɗaci a ciki, domin soyayyar da ta daɗe tana mafarki ga ta nan ta zama abin hawan haya mai zagaye gari ba inda ya nufa.

Kada dai a yi saurin cewa, to, ai mu ma haka muke yi. Sakin labule shi kaɗai ba gwaninta ba ne. Duk wanda ya karanta littattafan Kano da yawa ya san yadda aka saba: an kai amarya, ƴan rakiya sun watse, an yi nafila, an ci kaza an sha madara, sai marubuciya ta ce ita dai ta ja musu ƙofa ta fito, asuba ta gari. A mafi yawan lokuta ƙofar nan ba ta rufe kome ba, don ba a gina kome a bayanta ba. An gaya mana tsawon hancin yarinya da farin idonta da irin motar angon, amma ba mu san abin da take tsoro ba, ba mu san abin da take marmari ba. Sakayar da tsoron malamai ko na hukumar tace littattafai ya haifa daban take da sakayar da marubuci ya zaɓa don ya san nan ne ƙarfin labarinsa yake. Dole a yi wa wasu adalci. Bilkisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa na 1994, ta buɗe wata hanya da ta nuna cewa turare da lalle da kwalliya da tausasa murya magana ce tsakanin mace da mijinta, kuma matar aure na da haƙƙin jin daɗin aurenta. Illar hanyar ita ce, a hannun masu koyi da ita, takan rikiɗe ta koma darasin gyaran jiki ko lissafin kayan lefe.

Littafin da na ga ya kai maganar inda ya kamata, a cikin rayuwar Hausawa, da Ingilishi aka rubuta shi: Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, wanda ya fito a 2015, ya ci babbar gasar adabin Nijeriya ta kamfanin NLNG a 2016, mai kyautar dala 100,000. Mu nan muna iya karanta shi a fassarar Marc Amfreville, La Saison des fleurs de flamme, wadda ta fito a 2018.

Hajiya Binta Zubairu bazawara ce mai shekara 55, mai ƴaƴa da jikoki, mai zuwa Islamiyya. An kashe mijinta a rikicin Jos, ta koma da zama a wata unguwa a gefen Abuja. Wata rana ɓarawo ya haura katangarta, ya ɗora mata wuƙa, ya kwashi abin da ya kwasa. Reza ke nan, shugaban ƴan daba mai sayar da wiwi, wanda ta girme shi da kusan shekara 30. Bayan ƴan kwanaki ya dawo da abin da ya iya dawowa da shi, ya ba da haƙuri. Daga nan aka fara. In an taƙaita labarin haka, sai a ce ga wani abin kunya na jaridun gulma, kuma da marubucin rago ne da nan zai tsaya.

Abin da ya ɗaga littafin shi ne tushen da aka ba wannan sha'awa. Binta na da ɗan fari wanda al'ada ta hana ta kiran sunansa, ta hana ta rungumarsa ko nuna masa so a gaban mutane. Yaro kawai take ce masa. Ya tashi yana ganin ƙannensa na samun abin da shi bai samu ba, ya faɗa shaye-shaye, ƴan sanda suka harbe shi, ya mutu uwarsa ba ta taɓa kiransa da sunan yanka ba. Mai karatu na Maraɗi ko Tawa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. A gidajenmu akwai iyaye mata da har yau ba sa furta sunan ɗan fari, kamar yadda akwai matan da ba sa furta sunan miji. Shi kuwa Reza uwarsa ta bar shi yana ƙarami ta tafi Saudiyya, ƴan lokutan da ya gan ta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ita ta ji warin wiwin ɗanta a jikinsa, shi ya ga kamannin uwarsa a fuskarta. Marubucin bai ɓoye cewa akwai abin tayar da hankali a wannan haɗuwa ba, kuma bai nemi ya wanke ta ba.

To a nan ne wurin da na fi so a littafin duka. Duniya na kiransa Reza, sunan titi, sunan kaifi. Binta kuwa sai ta riƙa kiransa da sunansa na yanka, Hassan. A ƙasar da rashin kiran suna yake alamar kunya da girmamawa, matar da ta yi shekaru tana haɗiye suna biyu, na miji da na ɗa, in ta buɗe baki ta kira namiji da sunansa, ta yaye wani mayafi da ya fi na atamfa nauyi. Babu wani shafi na kwanciya a littafin da ya kai wannan kusanci. Flaubert ya saki labule don mai karatu ya yi aiki. Abubakar Adam ya gano inda labulen Bahaushe yake tun asali, wato a kan harshe, sai ya ɗaga shi kaɗan. Kuma ya yi abin da masu yabon kunya ido rufe ba sa so a yi: ya nuna cewa kunyar da ke ƙawata zance ita ce dai ta bar yaro ya girma da yunwar uwa, ta bar mace ta haifi ƴaƴa a auren da aka koya mata cewa nata a shimfiɗa shi ne ta yi shiru ta jure.

Hanci ma yana aiki a littafin fiye da ido. Da warin kyankyaso aka buɗe labarin, wanda Binta ta ɗauka alamar wani mugun abu na tafe. In Reza ya tafi, sai ta yi wanka, ta kunna turaren wuta, tana ƙoƙarin korar wani wari da ita kaɗai ke ji, warin zunubinta. Turaren da a littattafan Kano yake kiran miji zuwa ɗaki, a nan ya zama abin ɓoye laifi. Mace ce mai karanta littafin manyan zunubai na Imam Zahabi, ta san sunan abin da take yi a shari'a, ta san kuma ba ta daina ba. Wanda ke tsoron kada littafi ya ƙawata zina sai ya duba yadda wannan mata ke zama a Islamiyya tana jin habaicin ƴan uwanta mata. Ban san wani wa'azi da ya nuna nauyin abin kamar haka ba.

Littafin yana da rauninsa. Akwai wuraren da marubucin ya bi su har kan gado ya faɗi abin da ake yi ƙarara, kuma a nan ne harshensa ya fi zama gama-gari, irin wanda za a iya cirewa a liƙa a kowane labari na kowace ƙasa. Zaren siyasa, da sanatan da ke amfani da ƴan daba, da satar mutum, gaskiya ne a rayuwar Nijeriya, amma a kashi na ƙarshe sun ja labarin da gudu irin na fim, har ɗakin Binta ya koma gefe. Jinin da aka zubar a ƙarshe kuma ya yi kama da biyan tara: kamar dole sai an hukunta matar hukunci mafi tsanani kafin a yafe wa marubucin da ya ba ta zuciya. Flaubert ma da guba ya gama da Emma. Shekara 158 tsakanin littattafan biyu, ƙasa daban, addini daban, amma kuɗin da mace ke biya bai ragu ba.

Saura tambayar da ta shafi malaman Hausa da ƙungiyoyin marubuta kai tsaye: shin za a iya rubuta irin wannan da Hausa? Matsalar a fili take. Kalmominmu na jiki da na saduwa sun kasu gida biyu, ko dai na ashar a tasha, ko na larabcin fiƙihu a zauren malam, irin su janaba da jima'i. Na farko na zubar da mutuncin labari, na biyu na mayar da shi babin tsarki. Masu batsar salula sun zaɓi na tasha, shi ya sa bayan shafi uku rubutunsu ke gundura, don kalmar ashar ba ta da hawa biyu. Amma tsakanin gidajen nan akwai wani fili mai faɗi da matan Hausawa suka daɗe suna nomawa. A gidan kishiyoyi in an ce yau girkin wance ne, an ambaci tukunya, an kuma ambaci dare, ba wanda ya ji kunya, ba wanda bai gane ba. Haka turaka, haka shimfiɗa, haka "ya san ta ɗiya mace", haka zaurancen ƴan mata da habaicin da ake yi a bakin turmi. Harshen da ya iya ɗora ma'ana biyu a kan kalmar girki ba kayan aiki ya rasa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne marubucin da zai ɗauki wannan sakaya ya ɗora mata mutum mai tarihi da rauni, maimakon kyakkyawa mai dogon gashi da ɗan mai kuɗi.

Abubakar Adam kansa kamar ya san da wannan tazara, domin ya saka ta cikin gidan Binta. Akwai Fa'iza, yarinyar da take riƙo, wadda aka kashe mahaifinta da ɗan uwanta a gabanta a Jos. Ita kullum tana ɗaki da littattafan soyayyar Kano, tana mafarkin Ali Nuhu. Marubucin bai yi mata dariya ba; ya nuna cewa littattafan nan mafaka ce ga yarinyar da ba ta iya kallon jini ko nama. Sai dai soyayyar da take karantawa, mai ƙarewa da ɗaurin aure da jan ƙofa, ba ta da kalma ko ɗaya da za ta bayyana mata abin da ke faruwa da uwar riƙonta a ɗakin da ke kusa da nata.