Haƙƙin Mallakar Waƙa da Gidajen Rediyo: Ina Matsayin Makaɗin Baka?

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin yadda ake aiwatar da dokar haƙƙin mallakar waƙa a kan gidajen rediyo a Nijeriya, da abin da hakan ke haifarwa ga masu sauraro. Za mu fara da ita dokar da rikicin da ta jawo a shekarar 2013, sa'an nan mu auna ta da ma'aunin waƙar baka ta Hausa, domin mu ga ko rigar da aka ɗinka ta yi wa makaɗanmu daidai.

Doka da Rikicin 2013

Dokar soja ta 1988 ce ta maye gurbin ta 1970, kuma a ƙarƙashinta aka kafa majalisar da daga baya ta zama Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar doka. Dukkansu sun haɗu a kan ƙa'ida ɗaya, wato ba a watsa waƙar mutum ga jama'a sai da izininsa. To, da yake gidan rediyo ba zai iya bin mawaƙa ɗaya bayan ɗaya yana neman izini ba, sai aka tanadi ƙungiya mai karɓar kuɗi a madadinsu, ta ba gidan rediyo lasisi, ta raba abin da ta tara ga masu waƙoƙin.

A shekarar 2010 hukumar ta amince da ƙungiyar COSON ta riƙa yin wannan aiki. Ƙungiyar ta kai wasu gidajen rediyo ƙara kotu tana neman maƙudan kuɗi. A watan Disamba na 2013 ƙungiyoyin masu gidajen watsa labarai, wato BON da IBAN, suka mai da martani da sanarwar daina sa waƙoƙin 'yan ƙungiyar, cikinsu har da Ebenezer Obey da Onyeka Onwenu da 2Face Idibia. Sai a watan Mayu na 2014 aka ƙulla yarjejeniya. Bayan haka aka amince da wata ƙungiyar, MCSN, a 2017, aka kuma dakatar da lasisin COSON a 2018, har ya zamanto mai gidan rediyo na iya fakewa da cewa bai san wanda zai biya ba.

A ganinmu, asalin hujjar mawaƙa ba ta da ja. Tun da aka ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo a 1992, waƙa ta zama jari: ita ke tara masu sauraro, su kuwa masu talla yawan masu sauraro suke saye. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Amma duk ɓangarorin biyu sun yi amfani da mai sauraro a matsayin garkuwa. Ba a zauna da shi ba, alhali kuwa kunnensa ake ciniki a kai.

Waƙar Baka a Ma'aunin Doka

Dokar ta ginu ne a kan zaton cewa kowace waƙa tana da mai ita sananne, da siga ɗaya tabbatacciya wadda aka rubuta ko aka naɗa. Waƙar baka ta Hausa kuwa ba haka take ba, ta fuskoki uku.

Na farko, makaɗi ba shi kaɗai yake yin waƙa ba. A waƙoƙin fada irin na Musa Ɗanƙwairo, 'yan amshi ba maimaita gindin waƙa kawai suke yi ba, suna karɓar ɗan waƙa su ƙarasa shi, wani lokaci ma su yi ƙari. Amma sunan jagora kaɗai ake rubutawa a jikin faifai ko kaset, kuma shi ake ambata a rediyo.

Na biyu, waƙa ɗaya ba ta da siga ɗaya. Alal misali, Mamman Shata ya rera Bakandamiyarsa a wurare dabam-dabam, ɗiyanta na ƙaruwa suna raguwa gwargwadon wuri da mahalarta. Wacce daga cikinsu za a yi wa rajista?

Na uku, a al'adance ladan makaɗi yana fitowa ne daga ubangida, da riga ko doki ko mota, kuma yaɗuwar waƙa ita ce biyan bukatar wanda aka yi wa. Saboda haka makaɗa suka ɗauki Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, a matsayin mai yi musu alheri. Da yawa daga waƙoƙin da muke nazari a yau sun tsira ne domin gidan rediyo ya naɗe su ya ajiye.

Duk da haka, doka ta ce haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan waƙoƙin Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, suna da kariya har 2061. Na Shata, wanda ya rasu a 1999, har 2069. Na Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, har 2085. Haƙƙin na magada ne, faifan kuwa yana ma'ajiyar gidan rediyo. Idan gidan rediyon Arewa ya biya kuɗin lasisi a dunƙule, ba tare da ya miƙa jerin waƙoƙin da ya sa ba, to ƙungiya za ta raba kuɗin ne ga waɗanda ke cikin littafinta. Sai ya zamanto Shata ya yi kiɗa, wani ya karɓi kari.

Ga mai sauraro kuma akwai wani hatsarin. Ƙaramin gidan rediyo, idan aka ɗora masa kuɗin da ya fi ƙarfinsa, abin da zai yi shi ne ya rage waƙa ya cika lokaci da surutu da talla, ko ya riƙa sa waƙoƙin masu kawo nasu kyauta don neman suna. Manomi da makiyayi da matar aure a ƙauye, waɗanda shiri irin Zaɓi Sonka ya saba haɗa su da tsofaffin makaɗa, su ne za su yi asara, tare da yaran da ba za su ƙara jin wannan Hausa ba.

Kammalawa

Ra'ayinmu shi ne a biya, amma a gyara hanyar biyan. Ya kamata a yanka kuɗin lasisi gwargwadon abin da gidan rediyo yake samu, a kuma wajabta masa rubuta kowace waƙa da ya watsa, domin a yi rabo bisa shaida. Wajibi ne ƙungiyar da ke karɓar kuɗi ta nemo magadan makaɗan baka ta sa su cikin littafinta, a kuma ware wa 'yan amshi da masu kiɗa kasonsu. Haka nan ya kamata a fassara dokar zuwa Hausa. Mu kuma malaman Hausa na jami'o'i, aikin da ke kanmu shi ne mu haɗa kai da gidajen rediyo mu tsara abin da ke ma'ajiyarsu: sunan makaɗi, da mataimakansa, da wanda aka yi wa waƙar, da shekarar naɗi. Muddin ba a yi wannan lissafi ba, dokar za ta kare wanda ya san hanyar ofis ne kawai, ta bar iyalin wanda ya yi waƙar hannu rabbana.