Itace da Duhu: Nazari a kan Zanen Dare na Grimshaw da Pissarro

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce duba yadda wasu masu zane biyu na ƙarni na 19, wato John Atkinson Grimshaw na Ingila da Camille Pissarro na Faransa, suka tinkari matsala guda, watau zana itacen cikin gari da dare da fentin mai. Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce. Abin da ido ya fi sanin itace da shi shi ne koren ganyensa, kuma launi shi ne abin da duhu ke fara haɗiyewa. Tun a 1825 masanin nan Purkinje ya bayyana cewa idan haske ya ragu, ja ne ke fara komawa baƙi, shuɗi da kore su ɗan jinkirta, daga bisani duk su koma toka-toka. Ke nan mai zanen da ya shafa wa ganye kore shar a hoton dare ya zana abin da ya sani ne, ba abin da ya gani ba.

Grimshaw (1836-1893) mutumin Leeds ne, akawun kamfanin jirgin ƙasa, wanda ya ajiye aiki a 1861 ya rungumi zane ba tare da ya zauna gaban wani malami ba. Dabararsa ita ce ya kauce wa ganye ɗungurungum. Akasarin hotunansa na unguwannin bayan gari na ƙarshen kaka ne, lokacin da itatuwan ƙasarsu ke kaɗe ganye, kuma yakan ajiye wata a bayan rassa, ta yadda kowane tsinke zai fito baƙi a jikin sararin da ya rina da launin da ke tsakanin tsanwa da ruwan ɗorawa. A hotonsa na 1872 na inuwar itatuwa a jikin katangar lambun Roundhay, itacen ya bayyana sau biyu: ga shi a sama, ga kuma inuwarsa a kwance a bango. A nan ne fentin mai ya yi masa rana, domin yana karɓar shafi siriri bisa wani shafin, hasken na ƙasa yana ratsowa, abin da ke ba sararin nasa wani irin ƙyalli kamar na tsohuwar tagulla.

Akan zarge shi da cewa ido ba ya ƙirga tsinkaye da dare. Wannan zargi bai tsaya da ƙafarsa ba, don kuwa duk wanda ya taɓa kallon busasshen reshe a farin wata ya san siffarsa takan fito rangaɗau. Aibinsa na gaskiya shi ne maimaici. Da ya ga kasuwa ta karɓi hanya mai laima da katanga da mace guda tana tafe, sai ya yi ta juya su shekara da shekaru, har itacen ya zama ado kawai, kamar zayyanar bakin riga.

Pissarro (1830-1903) kuwa ta wata ƙofa ya shigo. Ciwon ido ya hana shi aiki a fili, saboda haka a farkon 1897 ya kama ɗaki a wani otal a Paris, ya zana titin Montmartre daga taga har sau 14, ɗaya ne tak na dare, wanda ke gidan adana zane na ƙasa a Landan. Babu wata a hoton. Hasken duk na ɗan Adam ne: farin lantarki a jere tsakiyar titi, rawayan gas a tagogin kantuna, da 'yan fitilun karusai. Tun da hasken daga ƙasa yake fitowa, itatuwan da ke gefe biyu na titin ba su sami abin da zai fid da siffarsu ba, sai suka zama dunƙulen baƙi da shuɗi, an dangwala su da buroshi cikin hanzari, fenti ɗanye bisa ɗanye. Mai kallo ba zai iya cewa ga irin itacen ba. Amma a cire su a gani: su ne ke raba hasken kantuna da na tsakiyar titi, su ne kuma ke jan ido zuwa ƙarshen hanya.

Masu sharhi sun saba fifita Pissarro, kuma ta fuskar gari suna da hujja, domin shi ne ya gane cewa fitila ta sauya daren birni, itace ya koma abin da ke tare haske maimakon abin da haske ke nunawa. Sai dai idan itacen kansa ake nema, da kaurin gindinsa da karkacewar reshensa, to wajen akawun Leeds za a same shi, ko da yake sai da ya jira ganye ya zube, ya kuma yi nesa da fitilun tsakiyar gari, kafin ya iya zana shi.